Abin da Na Ɓoye wa Yaya a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ba ni da sakat. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar Juma'a a tambaye ni, har a ofishinmu na gona in na zauna sai wani ya jawo kujera ya ce, "To Malam Ilu, yaya ƙasar Faransa?" Haka mutanenmu suke kiran ƙasar da ke tsallaken iyaka. Wasu labarin hanya suke so. Wasu kuma so suke su ji yadda aka yi yayana, Alhaji Sabo, ya bar Wudil da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa ina ba kowa tsoka ina ɓoye ƙashin. Ga shi nan duka, kowa ya karanta ya huta da tambaya.

Wanda ya san Yaya a 'yan shekarun nan kawai bai san shi ba. Da ƙuruciyarsa koren shanu yake yi, daga Damagaram har kara, kasuwar shanun Wudil, a ƙasa, sanda a kafaɗa, siriri kamar sillen kara. Da arzikin man fetur ya shigo, Kano ta kama gine-gine ba ji ba gani, sai ya ajiye sanda ya koma ɗiban yashi a kogin nan namu. Allah Ya buɗa masa. Ya sauke farali, ya yi gida a Sabon Gari, ya sayi mota. Wuya ya yi kauri, tumbi ya turo riga, mu kuwa 'yan uwa sai murna muke, muna cewa Alhaji ya yi kyau, hutu ya zauna masa.

Bara ciwon kai ya matsa masa, na raka shi wajen wani likita a Kano. Likitan ya ce hawan jini ne, zuciya tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta, kuma in aka yi sakaci ba zuciyar kaɗai abin zai taɓa ba, har ƙwaƙwalwa. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri da maiƙo, ya riƙa tafiya a ƙasa kowace safiya har sai ya yi gumi. Ƙwayoyin dai Yaya ya sha har kai ya daina ciwo, daga nan ya jefa sauran a aljihun mota. Amma tafiyar ta yi masa daɗi. Bayan sallar asuba sai ya ɗauki hanya daga gida har gada ya dawo.

Kwana bakwai ya samu yana yi. Duk mai babur da ya gan shi sai ya tsaya, "Alhaji lafiya? Hau in kai ka." Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari, wai motar Alhaji Sabo an karɓe, wai ya karye. A kunnena aka faɗa, a bakin kasuwa. Raina ya ɓaci, na wuce gidansa kai tsaye na ce, "Yaya, mutum kamarka ba ya yawo a ƙasa kamar wanda ya rasa abin hawa. Kana ba da mu." Ya ce, "To Ilu, kai ne mai boko." Daga ranar bai sake fita ba. Wannan ne kuskurena na farko, kuma a lokacin gani nake na yi abin kirki.

Dalilin tafiyar kuwa ta'aziyya ce. Baba Manzo, dattijon da ya koya wa Yaya harkar shanu a Damagaram, matarsa ta rasu. Yaya ya ce wannan ba gaisuwar da za a aika ba ce. Na ɗauki hutun kwana biyar, ni ne direba.

Mun fita ran Litinin da sassafe. Yaya ya so mu bi ta Maigatari, tsohuwar hanyarsu ta shanu, ni kuwa na ce ba zan sa sabuwar mota cikin rairayi ba, muka bi ta Dambatta. A Kazaure motar ta fara tururi, ashe na manta ban duba ruwa ba. Muka tsaya gindin wata tsamiya, wani mai faci ya kawo ruwa a garwa, yana zubawa yana yi mini huɗuba a kan yadda 'yan boko suka iya tuƙi ba su iya buɗe gaban mota ba. Yaya sai dariya yake, ya sayi tsire ya zauna a kan benci yana ci. Na ga kitsen da ke jiki, na kuma tuna maganar likita, amma ƙani ba ya duba bakin yayansa, na kau da kai.

Daga Daura muka gangara Kwangwalam. 'Yan kwastan ɗinmu ba su ɓata mana lokaci ba, sun leƙa bayan mota, sun ga buhun shinkafa da atamfofin da muka ɗauko na gaisuwa, suka ce Allah Ya ji ƙan mamaciya. Tsallaken ne muka ga ikon Allah. Mun isa rana tsaka, muka tarar ofis a kulle. Can ƙasar in rana ta take kowa ajiye aiki yake, sai ta yi sanyi a koma. Wani jandarma, ɗan sandan can, yana kishingiɗe a inuwa yana fifita gawayin shayi. Na je na tsaya a kansa da takardu a hannu, ina duba agogo yadda zai gani.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ku mutanen Ingila kullum cikin sauri kuke, kamar an biyo ku. Zamna ka sha shayi."

Ingila suke ce wa ƙasarmu. Yaya tuni ya tuɓe takalmi ya hau tabarma. Shayin nasu a ɗan kofin gilashi ne da bai fi babban yatsa ba, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha zagaye uku kafin a sallame ka. Da aka buɗe ofis sai wata ta taso: ana son katin rigakafi. Yaya yana da nasa na aikin hajji, ni mai bokon ba ni da shi. Nan take aka naɗe mini hannun riga aka yi mini lamba a dantse, gaban mata masu tallan gyaɗa, kamar ɗan yaye. Har muka wuce Matamaye Yaya yana tsokanata, wai ashe tafiyar ta yi rana, an yi wa Ilu rigakafi.

A Takeita muka sayi burodinsu. Dogo ne, ɓawonsa da tauri, ba ya da zaƙi ko kaɗan. Yaya ya ɗaga ɗaya ya ce da a ce yana da irin wannan a da, da bai sayi sanda ba.

Gab da magariba muka shiga Damagaram. Gidan Baba Manzo yana bayan gari, gidan ƙasa ne mai zaure biyu, an share shi tas an zuba farin rairayi. Na zaci zan ga tsoho a kwance ana tallafa shi, don ya haura saba'in nesa ba kusa ba. Sai ga wani dogon mutum ya fito da sauri, ba ko sanda. Ya tsaya ya ƙare wa Yaya kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne Sabo, ko kai ne ka haɗiye Sabon da na sani?"

Aka yi dariya, aka rungumi juna, sannan aka zauna aka yi ta'aziyya yadda ta kamata. Da aka shafa fatiha suka shiga hirar da. Abin da ya ba ni mamaki kan tsohon nan. Yana tuna sunan kowace rijiya da suke shayarwa a hanya, da kamannin wani bijimi da ya ɓace musu shekara ashirin da suka wuce. Yaya, da bai cika hamsin ba, shi ne mai cewa, "Wa ma yake da suna? Ya kwanta mini." Na lura da haka, na ce yawan harkoki ne.

Abincin gidan tuwon gero ne da miyar kuka wadda sai ka lalubi mai a cikinta, da kwaɗon zogale, da fura. Amma mu baƙi ne, kuma baƙi daga ƙasar masu kuɗi, don haka aka kayar mana da rago. Nan dai al'adarmu ɗaya da su. Baba Manzo ya ɗan taɓa ya tsame hannu, ya ce cikinsa bai saba ba. Ni kuwa duk yankan da ya fi maiƙo sai in tura gaban Yaya, don haka aka koya mana girmama na gaba.

Washegari da hantsi tsohon ya ce mu zo mu ga garkarsa, inda yake noman albasa da tumatir. Na ɗauko makullin mota. Ya ce, "Mota ba ta zuwa can, ɗana. Kusa ne, kullum sau biyu nika zuwa." Kusan nasa ya kai daga Sabon Gari zuwa Kausani, in ma bai fi ba. Ba mu yi rabi ba Yaya ya fara haki, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Muka zauna gindin wata gawo. Na fara faɗa, ina cewa ai ga irinta nan. Shi kuwa fuskarsa wasai, ya tuɓe takalmi ya cusa ƙafa cikin rairayi ya ce, "Bar ni, Ilu. Rabona da in ji ƙasa a tafin ƙafata har na manta." Wannan maganar tana cikin abubuwan da suke hana ni sukuni yanzu.

Bayan azahar muna zaure ni da Yaya, an kawo fura. Ya ɗebo zai kai baki sai ludayin ya suɓuce daga hannunsa na dama, fura ta zube masa a riga. Na ɗago zan yi masa tsiya, sai na ga gefen bakinsa ya saki. Yana so ya yi magana, harshen ya ƙi, abin da ke fita ba Hausa ba ce. Abin da na fara yi, Allah Ya yafe mini, shi ne na tashi na saki labulen zaure don kada mutanen gida su gani. Na goge masa riga, na yi ta fifita. Kafin a kira la'asar bakin ya koma daidai, magana ta dawo, hannun ma ya motsa.

Amma Baba Manzo ba yaro ba ne. Da ya shigo ya dubi Yaya sau ɗaya, ya aika a kira ɗan ƙanensa Isuhu. Isuhu shi ne babban ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti na unguwar. Can majo suke ce wa mai irin aikinsa. Ya zo a kan wani tsohon keke, da 'yar jaka a rataye. Ya ɗaura wa Yaya abin awon jini a dantse, ya matsa, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya sa shi ya matse masa yatsu da hannu biyu. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Sannu Alhaji, Allah Shi ƙara sauƙi," ya yafuto ni muka zagaya bayan zaure.

Nan ma al'adarmu ɗaya. Ba a faɗa wa majiyyaci magana mai nauyi a fuskarsa, ɗan uwansa ake ja gefe a ɗora masa, shi ya san yadda zai yi da ita.

Isuhu ya ce, "Malam, abin ga ba gajiya ba ce. Jini ne ya tsaya ma wani wuri cikin kai, ya sake. In irin wannan ya zo ya wuce, sau da yawa babban na biye da shi, kuma ba ya jimawa. Jininsa ya hau ƙwarai. Ku bar muna shi kwana bakwai, mu samu ya sauka, babban likita ya gane shi. Kar ka sa shi cikin mota da zahin rana."

Ina jinsa ina kallon kekensa da silifas ɗin da ke ƙafarsa. Da safe mun wuce ta gaban asibitin nasu, na ga awaki a farfajiya. Na ce a raina, mu da muke da manyan asibitoci a Kano, da likitoci har daga ƙasashen waje, a nan zan kwantar da Alhaji Sabo? Sannan na tuna Wudil. Mutanen da suka ce ya karye don ya taka ƙasa, me za su ce in suka ji yana kwance a ƙasar wasu? Masu ba shi aikin yashi su ji, su juya wa wani. Na ce ai tafiyar yini ɗaya ce, gobe war haka muna gida. Na yi wa Isuhu godiya irin wadda ake yi wa wanda ba za a bi maganarsa ba, shi ma ya gane.

Na koma zaure. Yaya yana zaune ya jingina da bango, yana murza hannunsa na dama da na hagu.

"Me ya ce?"

"Ya ce gajiya ce, da ranar da ka sha ɗazu."

Ya daɗe yana kallona. "Ilu, in da wani abu ka gaya mini. Ɗazu hannun nan ba nawa ba ne. In zama ne mu zauna, nan ma gida ne."

"Babu komai, Yaya. Mu je gida ka huta."

"To," in ji shi. "Kai ka san yaren masu asibiti."

Da a ce tsoro ne ya hana shi zama, da na samu abin da zan riƙe. Shi da bakinsa ya ce mu zauna. Ni na hana, kuma da ƙarya na hana.

Da safe Isuhu ya sake zuwa da ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda. Ya ba Yaya ɗaya ya sha, ya damƙa mini sauran, ya ce a hankali, "Ni dai na hita hakkinku." Baba Manzo ya riƙe ƙofar mota yana cewa mu ƙara ko kwana biyu ne, bai gaji da ganin Sabo ba. Na ce hutuna ya kusa ƙarewa. Ya sa aka zuba mana albasa da kilishi a bayan mota, ya bi mu da ƙafa har bakin kwalta, yana tafe yana addu'a.

A dawowa komai ya tafi sumul, abin haushi. Mun isa iyaka kafin a rufe, jandarman nan ya gane mu, ya tambayi dantsena, ya buga hatimi ya miƙo. Sau nawa na ce da ma ya tsare mu. Muka yi azahar a Daura. Rana ta buɗe sosai, cikin motar kamar tanda, Yaya ya ce kansa yana sarawa, na ce saura kaɗan. Kuma gaskiyar magana, ko a lokacin ba asibitin Kano na nufa ba. Niyyata mu wuce Wudil ya kwana biyu ya warware, sannan in san dabarar da zan kai shi wajen likita ba tare da ya tsorata ba.

Mun wuce Kazaure yana ba ni labarin wata shekara da ruwa ya tare su da shanu kwana uku a bakin wani rafi. Yana cikin magana na ji muryar ta yi nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Na waiga. Kansa ya kwanta jikin ƙofa, hularsa ta faɗo kan cinya, idonsa a buɗe yana kallona. Na kira shi, na sake kira. Ban san yadda na kawo motar nan Kano ba.

Sati uku ya yi a asibiti. Likitan da ya karɓe shi ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma wurin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, sai dai a lallaɓa abin da ya saura. Na same shi shi kaɗai na gaya masa abin da ya faru a Damagaram, na ce da mun zauna da abin bai faru ba? Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, yana iya zuwa ko ana kwance a gadon asibiti. Amma ya ce shawarar da ma'aikacin nan ya bayar ita ce shi ma zai bayar. Na so ya tsaya a maganar farko.

Yau wata huɗu ke nan. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana gane mutane, yana murmushi in an shigo, amma sunaye sun tafi, har na 'ya'yansa. Kalmomin da suka rage masa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, mafi yawa "to" da "madalla". Wani lokaci sai ya kama wata magana, ka ga yana neman ƙarshenta a fuskarka, in ya rasa sai hawaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabo. Duk wanda ya zo dubiya sai ya kama hannuna, wai Allah Ya yi mini albarka, da ba don ni ba da a hanya zai cika. Matarsa, Hajiya Ladi, har tuwo take aiko mini gida. Tun muna asibiti ta taɓa tambayata ko a can ya nuna wata alama, na ce babu.

Ran Juma'ar da ta wuce na kasa jurewa. Na je gidan da safe, na same ta a tsakar gida tana dama masa koko. Na durƙusa na ce, "Hajiya, akwai maganar da na ɓoye miki." Na faɗa mata duka, da ludayin, da labulen, da abin da Isuhu ya ce, da abin da Yaya ya tambaye ni da amsar da na ba shi. Ban rage komai ba.

Ba ta daina damawa ba har na gama. Ta juye kokon a kwano, ta goge bakin kwanon da gefen zanenta. Na jira ta zage ni, ko ta ce in fita mata daga gida, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe ba ta dube ni ba. Sannan ta miƙo mini kwanon da cokali.

"Tashi ka kai masa kafin ya huce," in ji ta. "Tun jiya yake ƙin karɓa a hannun kowa. Ƙofa yake ta kallo, kai yake jira."